Ba Kowace Kalmar Larabci Ce Sunan Yanka Ba

A 'yan shekarun nan, da zarar an haifi ɗa namiji, tun cibiya ba ta faɗi ba za ka ga maijego da ƙawayenta sun duƙufa kan waya suna laluben abin da suke kira sunan zamani. Shi ma angon ƙarni yana can yana nasa laluben. Ranar suna a miƙa wa liman 'yar takarda, ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya sunkuya ya tambayi uban jariri: "Malam, yaya ake karanta wannan?" Aryan, Ayan, Arman, Zayan. In ka tambayi ma'ana, amsar ba ta wuce uku: "kyautar Allah," ko "a intanet na gani," ko kuma wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, "ai yana cikin Alƙur'ani."

Sabon suna ba haramun ba ne, kada a juya mini magana. Abin da shari'a ta nema kaɗan ne: suna ya zama mai kyakkyawar ma'ana, kada ya bautar da yaro ga wanin Allah, kada ya zama sunan da Allah ya keɓanta da shi, kada kuma ya ƙunshi cika baki. Shi ke nan. Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin wannan dalla-dalla a Tuhfatul Maudud, ga mai son ƙari.

Amma wannan magana ta "yana cikin Alƙur'ani" ita ce ta shiga mutane har ɓargo. Jama'a, wa ya ce muku duk kalmar da ta zo a Littafin Allah ta cancanci a raɗa wa yaro? Fir'auna yana ciki, Hamana da Ƙaruna suna ciki, Iblis yana ciki, Abu Lahabi ma sura guda aka saukar a kansa. Saƙar, Laza, Hawiya da Huɗama duk sunayen wuta ne. Zaƙƙum bishiyar 'yan wuta ce. Wanda bai san Larabci ba, in ka furta masa "Laza" zai ce suna ne mai daɗi, gajere, ya dace da ɗan gayu. Alƙur'ani shiriya ne, ya ambaci na kirki da na banza, ya ambaci ni'ima da azaba, akwai fi'ilai da haruffa da kalmomin tambaya. Ba a saukar da shi don ya zama ƙamus na sunayen jarirai ba.

Ɗauki Ayan ɗin nan da ya cika gari. Kalmar da ta fi kusa da shi a Alƙur'ani ita ce "ayyana", ma'anarta "yaushe". Wato ka yanka rago, ka raba goro da alewa, ka tara dangi tun asuba, don ka sa wa ɗanka Yaushe. Masu jeranta sunaye a intanet kuwa sun rubuta masa "kyautar Allah", kamar yadda suke maƙala wa kowane suna da suka rasa gane kansa. In kyautar Allah kake nufi da Larabci, ga Aɗa'ullahi nan, ga Hibatullahi.

Kuma a tambayi kai mana: su Sahabbai da aka saukar da Alƙur'ani a gabansu, da harshensu, sun fi mu son sa nesa ba kusa ba, me ya hana su tsinto kalmomi daga ayoyi su sa wa 'ya'yansu? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'ya'yansa maza Alƙasim ne da Abdullahi da Ibrahim, jikokinsa Hasan da Husaini. An ruwaito cewa Ɗalha ɗan Ubaidullahi sunayen Annabawa yake sa wa nasa, Zubairu ɗan Awwam kuma sunayen shahidai, shi ya sa a gidansa ake da Hamza da Ja'afar da Mus'ab. Mutum suke dubawa, su ce Allah ya sa ɗana ya gaji halin wane.

Ƙanwar wannan fahimta ita ce zaton duk abin da ya yi kama da Larabci suna ne na Musulunci. Ai Abu Jahal ma Balarabe ne. Sunayen da Annabi ya canja wa mutane na Larabci ne tsantsa. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Hazn, wato ƙasa mai tsauri, Annabi ya ce ya koma Sahl, Hazn ya ce shi ba zai bar sunan da ubansa ya sa masa ba, kuma jikan ya ce tsaurin nan bai bar gidansu ba daga baya. Buhari ne ya kawo labarin. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Ibrahim da Isma'ila da Ishaƙa da Yusufu asalinsu ba Larabci ba ne, duk ɗalibin nahawu ya san haka. Saboda haka laifin Aryan ba wai don ya fito daga Indiya da Farisa ba ne. Laifin shi ne a jingina shi ga addini da ƙarya, alhali yawancin masu sa shi a bakin masu kallon fim suka ji, sunan ɗan Shah Rukh Khan ne. Arman kuma Farisanci ne, yana nufin buri. Ba zagi ba ne, amma a san abin da aka ɗauko. Wani abin da ke haddasa wannan yayi na sababbin sunaye kuwa gasa ce tsakanin ƙawaye da kishiyoyi, kowa na son a ce ɗanta ne na farko a unguwa.

Har masu kyakkyawar niyya suna tuntuɓe. Gidaje da yawa suna da Sudais don ƙaunar limamin Masallacin Makka. Sudais sunan gidansu ne, shi malamin sunansa Abdurrahman, ɗaya daga cikin sunaye biyu da hadisin Muslim ya ce sun fi soyuwa ga Allah, shi da Abdullahi. An bar jaki ana dukan taiki.

To, yaya za a yi? Ciki wata tara yake, ba dalilin da zai sa sai daren suna za a fara kame-kame. Duk sunan da ya burge ku, ku nemi a rubuta shi da haruffan Larabci. In an kasa, to ku dakata. In an rubuta, ku kai wa malamin da ya san lugga, ba kowane mai rawani ba, ya duba ƙamus ya faɗa muku ma'anarsa da wanda ya taɓa amsa shi. Wasu za su tsallake lafiya: Rayyan, alal misali, sunan ƙofar Aljanna ce ta masu azumi, ya tabbata a hadisi. Matambayi ba ya ɓata.

In baƙon suna kuke so, wanda babu shi a layinku, ai taskar Sahabbai ba ta ƙare ba. Ga Ammar, Mu'azu, Huzaifa, Miƙdad, Suhaib, Usaid, Khabbab, Ubaida, Anas. Kowanne yana da tarihin da za ka zaunar da yaro ka ba shi in ya yi wayo. Kuma ga hanyar iyayenmu da muka raina: a yanka rago da Muhammadu ko Abubakar ko sunan kaka, sannan a yi masa alkunya da laƙabi. Haka aka samu su Garba da Shehu da Sanda, haka ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zama Muhammadu Bello. Ku kira shi Walid ko Khalifa a gida in kuna so, amma yaro ya tashi ya san sunansa na yanka.

Ku gwada sunan a bakin kakarsa. In ta kasa furta shi, za ta laƙaba masa nata, kuma nata ne zai bi shi. In kun zaɓi Abdurrahman ko Abdurrazaƙ ko Abdulkhaliƙ, ku hana a yanke "Abdul" don gayu, domin abin da ya rage sunan Allah ne. Raɗin suna haƙƙin uba ne, amma wadda ta ɗauki cikin ta sha naƙuda ta cancanci a yi shawara da ita tun da wuri, ba a sanar da ita ta bakin maroƙi ba.

Sai rubutun boko. Ku tsayar da siga ɗaya tun daga takardar haihuwa. Yaron da aka rubuta masa Rayyan a asibiti, Rayan a firamare, Raiyan a katin ɗan ƙasa, shi zai sha zirga-zirgar rantsuwa a kotu ranar da zai cike JAMB, wadda tun 2021 ba a rajistarta sai da lambar NIN. Iyalan da ke da dangi a Maraɗi ko Damagaram sun san wannan wahala, inda Usman yake komawa Ousmane, Abdullahi ya koma Abdoulaye.

Wanda kuma ya riga ya sa, daga baya ya gano ma'anar ba ta da kyau, ya canja tun yaro bai shiga makaranta ba. Annabi manya masu gemu ya canja wa suna, kuma ba sai an sake yanka wani rago ba.