Gidajen da hayaƙi da gayya suka raya a Japan

Ƙaurin hayaƙi ne ke fara tarbar baƙo a Hida no Sato, wani gidan tarihi da ke fili a gefen birnin Takayama, cikin tsaunukan lardin Gifu na ƙasar Japan. An buɗe shi a 1971. Tsofaffin gidajen manoma sama da 30 aka kwance daga ƙauyukan yankin, aka sake kafa su a nan kewaye da wani ɗan tafki. Akwai wanda aka ceto daga ruwan madatsar Miboro, wadda ta haɗiye ƙauyuka.

Sai ka tuɓe takalmi kafin ka hau daɓen katako. A tsakiyar ɗaki akwai murhu a ƙasa, suna ce masa irori, kullum da safe ma'aikata sukan hura shi, alhali babu mai kwana a gidan. Dalili kuwa, hayaƙin ne ke busar da ciyawar jinka, ya kori ƙwari, ya ƙara wa igiyoyi ƙwari. In wuta ta mutu, ruɓa ta samu ƙofa.

Jinkar kanta abin kallo ce. Tsayuwarta kamar tafin hannu biyu da aka haɗa, shi ya sa ake kiran salon gassho. Tudunta ne ke sa dusar ƙanƙara ta zame maimakon ta danne gidan. Babu ƙusa a jikinta, igiya da ɗanyen reshe ne suka ɗaure itatuwan. A da, a saman benen kuma iyali ke kiwon tsutsar siliki.

To, amma ciyawa ba ta dawwama. Kusan duk shekara 30 sai an sake baibaya, aikin da ya fi ƙarfin gida guda. A Shirakawa-go, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, mutum sama da ɗari kan taru a kan jinka guda, yau naka gobe nawa. Suna kiran wannan yui. Mu gayya muke cewa.

Nan ne abin ke sa mutum tunani. Da samari suka watse zuwa birane, hannun baibaya ya ragu, gidaje da dama suka koma kufai. Gidan tarihi ya tsira da katako da ciyawa, amma maƙwabtan da ke hawa jinkar ba a iya kwance su a kawo.