Me ya sa ake ɗora bulo a kan sifika?

A ɗakunan samari da gidajen kallon ƙwallo, daga Kwanar Ɗangora ta Kiru har Tudun Wada, za ka iya tarar da bulo a kan akwatin sifika. Dabarar tana da tushe.

Faifan da ke cikin sifika yana kai da komo yana tura iska, shi ne sautin da muke ji. Duk turawar da ya yi, akwatin ma yana shan ta, musamman a sauti mai kauri irin na ganga, wanda ke girgiza sau 40 zuwa 100 a daƙiƙa. In katakon akwatin ba kauri, sai ya kama rawa yana ƙara nasa gurnanin. Nauyi ne ke danne wannan rawar.

Ƙullin yashi ya fi bulo. Bulo kan yi ta karkarwa har ya zame ya faɗo wa yaro, yashi kuwa ƙwayoyinsa na gogar juna suna shanye girgizar. A ƙarƙashin akwatin a shimfiɗa roba, kada tebur ya ɗauki girgizar.

Amfilifaya dai, na'urar da ke ƙara wa sifika ƙarfi, kar a ɗora mata nauyin da zai toshe mata ramukan shan iska, don kada ta yi zafi. Zafin Afrilu a Kano yana kai digiri 40.