Uwa da ƙananan yara a baƙon gari

Hirarmu ta yau ta shafi macen da ta tashi daga garinsu ta koma wani gari da ƙananan yara. Wata an yi ma mijinta canjin wurin aiki daga Tasawa zuwa Yamai. Wata damana ce ba ta yi kyau ba, suka baro ƙauye suka shigo Maraɗi ko Damagaram. Wata kuwa ruwa ne ya ci gidansu, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2024. Dalili daban-daban ne, amma aikin da ke jiran uwa kusan iri guda ne.

In an tashi ƙaura, a kan ɗaure tabarmi da tukwane da turmi a aza a mota. Mutane kuwa ba su shiga cikin kaya. A gida akwai kaka mai riƙe jinjiri in uwa ta tafi rijiya. Akwai faccala mai duba tukunya, akwai ɗiyar maƙwabta mai goyo. Duka waɗannan an baro su baya. Aikin da mata uku ko huɗu su ke rabawa ya komo kan mace guda, cikin ɗakin haya, tsakanin mutanen da ba ta sani ba. In Yamai ce, wata unguwar ma Zabarmanci a ke yi, gaisuwa kanta sai ta koya.

Abu na biyu da ke ba ta mamaki shi ne kuɗi. A ƙauye hatsi na rumbu, itace na daji, ruwa na rijiya. A birni hatsi sai an auno a tiya, itace ko gawayi sai an saya, niƙa sai an biya mai inji, ruwa sai an je pampo ko an kira ɗan garuwa. Mu yi lissafin ruwa kaɗai. Masana kiwon lafiya sun ce mutum guda na bukatar aƙalla lita 20 a yini, don sha da girki da tsabta. Gida mai mutum 6 lita 120 ke nan, kusan bido 5 mai lita 25. Kullum fa, ba sau ɗaya a mako ba. In kuɗin mahaɗi bai kai ba, ruwan wanke hannu da na wankin ɗiya a ke fara ragewa, daga nan kuma zawo ke samun ƙofa.

To, in za ta fita, wa za ta bar ma jinjiri? Sau da yawa yayarsa ce, ƴar shekara 6 ko 7. A ƙauye wannan ba ya da haɗari sosai, don idon manya na ko'ina. A birni ƙofar gida na kan hanyar babura da motoci, ga ramin ruwan wanka a buɗe, ga murhu kusa da wurin wasa don gidan ƙarami ne. A ganina yarinya ƴar shekara 6 ta na iya yi ma ƙanenta wasa, amma ba ta iya tsaronsa. Gara uwa ta goya shi ta tafi, ko ta kashe wuta, ta rufe randa da bokiti, ta shaida ma babbar mace a gidan kafin ta fita.

Yanzu mu zo ga karnen awo, wato ƴar takardar nan da a ke ba uwa a gidan likita. Cikin kayan ƙaura ita ce ke saurin ɓacewa, alhali ita ce ke gaya ma sabon likita lambar da yaro ya samu da wadda ta rage. A na yi ma jinjiri lamba da haihuwa, sa'an nan ya na da sati 6, da sati 10, da sati 14. In ya cika wata 9 a yi masa ta ƙyanda, wadda wasu ke ce ma dussa, kuma akwai ta biyu bayan ya wuce shekara guda. Ƙaura kan faɗo tsakanin waɗannan ranaku. Wata uwa sai ta ce tun da lokaci ya wuce shi ke nan, ko ta ji tsoron a yi mata faɗa. Ku sani ba a sake farawa daga farko, a na ci gaba ne daga inda aka tsaya. Tun shekarar 2006 aka ɗauki dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Saboda haka cikin satin farko uwa ta tambayi inda a ke awo a unguwar, da ranar da a ke yi, tun yaro bai kwanta ba. Wadda ba ta iya karanta ranar da aka rubuta ba, ta nuna ma mai karatu tun kafin ta bar wurin.

Da damana kuma ma'aikata kan bi gida gida da maganin rigakafin masassarar cizon sauro, na yara daga wata 3 zuwa wata 59. Sau ɗaya ne kowane wata, kwana 3 a jere. Na ranar farko a gabansu a ke sha, na sauran kwana 2 uwa ce ke bayarwa. Gidan da ba a san da yara cikinsa ba a na iya wuce shi. Don haka maigida ya je ya gai da mai unguwa, ya faɗi yawan iyalinsa. Sange kuma a ɗaura shi tun daren farko.

Maganar maƙwabta ba ƙarama ba ce. Baƙuwa kan ji nauyi ta kulle kanta a ɗaki. Amma wadda ta je suna, ta je gaisuwar rasuwa, ta aika da ɗan tuwo, ita ce ke samun mai riƙe mata yaro ranar da wani ya kamu da zazzaɓi cikin dare. Daga nan ne a ke shiga adashe. Akwai kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Mata ne ke taruwa kowane mako, su zuba abin da suka yarda a asusu, mai bukata ta ranta ta biya.

Ku kuma maza, da ku mu ke. Kun fita tun safe kun samu abokan aiki da na hira, ita kuwa ta yini da ɗiya da bango huɗu. Sayen itace da kai yaro lakwal ba su rage ma namiji daraja. Akwai kuma aikin da ya fi kama ku, shi ne takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a shaida haihuwar yaro ga hukuma. In sun wuce, sai an bi ta wurin alƙali. Yaron da aka haifa can ƙauye ba a yi masa takarda ba, a nema masa ita yanzu, tun kafin a buɗe lakwal a watan Oktoba.