Yaƙin da ba a gwabza ba: Yadda Kudancin Kano ya riƙa samun labarin rikicin Nijar

Duk matafiyin da ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora. A nan ne, cikin Ƙaramar Hukumar Kiru, hanya take rabuwa biyu. Ɗaya ta miƙe Zariya da Kaduna, ɗaya kuma ta karkata ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa Dajin Falgore a Doguwa, ta nufi Saminaka da Jos. Direbobi kan tsaya su yi salla, su ci abinci, su sha shayi, kuma kafin su tashi sun sauke labarin inda suka fito.

A watan Agustan 2023, tambaya guda ce ta mamaye hira a irin waɗannan wurare: shin da gaske Najeriya za ta yaƙi Nijar?

Jihar Kano ba ta da iyaka da Nijar tun da aka cire Jigawa daga cikinta a 1991, kuma Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna can kudancin jihar, nesa da bakin iyaka. Duk da haka maganar ta taɓa mutanen yankin kai-tsaye. Hatsin da ake nomawa a nan kan bi ta Kasuwar Dawanau ya tsallaka Maraɗi da Damagaram. Dabbobin Nijar kan shigo kasuwannin Kano ta Maigatari. ’Yan cirani daga can na cikin masu shayi da masu ga-ruwa da masu gadi a garuruwan yankin, ga almajirai, ga auratayya.

Makonnin zullumi

A ranar 26 ga Yulin 2023 ne dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, daga bisani kwamandansu, Janar Abdourahamane Tchiani, ya ayyana kansa a matsayin shugaba. Bayan kwana huɗu, ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Bola Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ba sojojin wa’adin mako guda su mayar da Bazoum kan mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take bai wa Nijar. A ranar 10 ga Agusta kuma shugabannin ƙungiyar suka ba da umarnin a shirya dakarun ko-ta-kwana.

Hakan ya zo ne wata biyu kacal bayan cire tallafin man fetur, damina ta yi nisa, manomi na fama da kuɗin taki. Arewa ba ta ɓoye adawarta ba.

Ɗaya daga cikin muryoyin farko ta fito ne daga wannan yanki. Sanata Kawu Sumaila, mai wakiltar Kano ta Kudu, mazaɓar da ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, shi ne ya sanya hannu a kan sanarwar Ƙungiyar Sanatocin Arewa da ta gargaɗi ECOWAS kan amfani da ƙarfin soja. Sanarwar ta lissafa jihohi bakwai da ke maƙwabtaka da Nijar, wato Sakkwato da Kebbi da Katsina da Zamfara da Jigawa da Yobe da Borno, a matsayin waɗanda za su fara jin jiki. A ranar 5 ga Agusta, Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar siyasa da diflomasiyya.

Ranar 9 ga wata, Sarki Muhammadu Sanusi II, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano, ya gana da Tchiani a Yamai tare da Sarkin Damagaram. Ranar Asabar 12 ga wata, jama’a suka fito zanga-zanga a birnin Kano riƙe da tutocin ƙasashen biyu, suna cewa ’yan Nijar ’yan uwansu ne. A ƙarshen wannan makon ne tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta gana da shugaban mulkin sojan, ta dawo da saƙon cewa ƙofar tattaunawa a buɗe take.

A ƙauyuka, adawa da yaƙin ta fi fitowa a cikin huɗubar Juma’a da addu’o’in bayan salla da kiran waya a shirye-shiryen rediyo. Abin tambaya shi ne, daga ina mutumin da ke Riruwai ko Kofa ko gefen Dam ɗin Tiga yake samun bayanin da ya gina ra’ayinsa a kai?

Tun daga zamanin fatake

Neman labarin yaƙi daga bakin da ba na hukuma ba tsohuwar al’ada ce a yankin. Bebeji, mahaifar Alhassan Ɗantata, zango ne na fatake, kuma ayarin da ya dawo daga Gwanja da goro yakan zo da labarin wace hanya ce lafiya, wane sarki ne ya fita yaƙi. Garin ya kuma ga yaƙi da idonsa. A farkon Fabrairun 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, kafin ta ci Kano ranar 3 ga wata.

Turawan sun fahimci ƙarfin ji-ta-ji-ta. Daga cikin dalilan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta, har da daƙile raɗe-raɗin da ke yawo game da Jamus da Hitila a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu. Wato tun farko, labarin yaƙi da Hausa ya zo ne daga wanda ke da ɓangare a cikin yaƙin.

Rediyo ce ta ba mai sauraro zaɓi. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, sai RFI ta Faransa a 2007, baya ga tashoshin Sin da Iran. A 2023, manomin da ya dawo daga gona zai iya kama Jamus da ƙarfe biyu na rana, BBC da ƙarfe uku, Amurka da ƙarfe huɗu, Faransa da ƙarfe biyar. Kowace tasha da inda ta fi karkata, kuma tsofaffin masu sauraro sun san haka. Dabararsu ita ce gwadawa: abin da tashoshi uku suka haɗu a kai, sai a ɗauka ya faru, wanda tasha ɗaya ce kawai ta faɗa, sai a ajiye shi a gefe tukuna.

Da wannan rediyo mai gajeren zango aka bi Yaƙin Tekun Fasha na 1991, lokacin da iyaye da dama a Kano suka raɗa wa ’ya’yansu suna Saddam. Da ita aka ji fara luguden wutar Amurka a Afganistan ranar 7 ga Oktoban 2001. Zanga-zangar da aka yi a Kano bayan sallar Juma’a ta 12 ga watan ta rikiɗe ta zama tarzoma washegari, aka rasa rayuka da dukiya, kuma waɗanda abin ya rutsa da su ba su da hannu a abin da ke faruwa a Kabul. Dattawan Kano ba su manta da wannan darasi ba.

Da waya ta shigo

Abin da ya bambanta 2023 shi ne wayar hannu. Wanda ke da ɗan uwa a Maraɗi ko Tasawa zai kira shi ya tambaye shi farashin shinkafa, ya tambaye shi ko akwai wuta, ya tambaye shi ko ya ga soja. Direban da motarsa ta maƙale a Jibiya ko Illela zai turo saƙon murya ya bayyana tsawon layin manyan motoci da kayan gwari da ke ruɓewa a ciki. Saƙon murya bai buƙatar iya karatu, kuma ko a ƙauyen da sabis ke da rauni, shagon mai cajin waya kan zama wurin da ake tura wa juna bidiyo daga waya zuwa waya.

Sojojin Nijar sun gane wannan da wuri. Tchiani, wanda ya fito daga yankin Filinge, yakan yi magana da Hausa, kuma duk jawabin da ya yi a talabijin ɗin gwamnati a Yamai kan iso wayoyin Kano cikin sa’o’i, a yanyanke, ta WhatsApp da Facebook da TikTok. Sanarwar ECOWAS kuwa da Turanci da Faransanci take fitowa daga Abuja, sai ’yan jarida sun fassara ta kafin ta isa kunnen manomi.

Ba a rasa dalilin da ya sa jama’a ke gaskata waya fiye da sanarwar hukuma ba. A daren 3 ga Disamban 2023, jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri da ke Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Daga bakin mazauna ƙauyen da hotunan da suka ɗauka aka fara jin labarin. Rundunar Sojin Sama ta ce ba ita ba ce, daga baya Rundunar Sojin Ƙasa ta amsa cewa jirginta ne. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85.

Sai dai hanyar da gaskiya ta bi, ita ƙarya take bi. A makonnin rikicin Nijar, masu bin diddigin labarai sun gano tsofaffin bidiyoyi da aka ɗauka a wasu ƙasashe ana yaɗa su da sunan isowar sojojin hayar Wagner na Rasha a Yamai, da wasu da aka ce na shirin kai hari ne. Bidiyo ba ya zuwa da sunan wakili ko na edita, kuma wanda ya turo shi yawanci aboki ne ko ɗan uwa da ake jin nauyin ƙaryatawa. Da aka ga tutocin Rasha a hannun matasa a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, har aka kama telolin da suka ɗinka su, masu sharhi da dama sun danganta abin da hotunan Yamai da suka shekara suna yawo a wayoyi.

Tashoshi na raguwa

Ba a yi yaƙin ba. ECOWAS ta ɗage takunkumi a ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES, suka kuma fice daga ECOWAS a hukumance a ƙarshen Janairun 2025. Zargin juna bai ƙare ba, tashoshin da ake gwada labari da su kuma suna ta raguwa.

Tun ranar 3 ga Agustan 2023 sojojin Nijar suka dakatar da RFI da France 24. A Disamban 2024 suka dakatar da BBC na wata uku kan rahoton wani hari. Wannan ya fi shafar ’yan Nijar, domin a can gidajen rediyon FM ne ke ɗauko shirye-shiryen tashoshin waje, saɓanin Najeriya inda hukumar NBC ta hana yin hakan kai-tsaye tun 2004.

A cikin wannan dakatarwa ne, a ƙarshen Disamban 2024, Tchiani ya yi wata doguwar hira da Hausa inda ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don tayar da zaune tsaye a Nijar. Hirar ta karaɗe wayoyin Arewa. Mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribaɗu, ya musanta zargin ta Sashen Hausa na BBC. Mai sauraro a Tudun Wada ya iya jin ɓangarorin biyu. Takwaransa na Maraɗi, in dai FM ya dogara da ita, bai samu jin wannan martani ta BBC ba.

Sai kuma a watan Maris na 2025, bayan umarnin Shugaba Donald Trump na rage hukumar da ke kula da Muryar Amurka, Sashen Hausa ya yi shiru bayan shekara 46 yana watsa shirye-shirye.

Gidajen rediyon Kano masu zaman kansu, tun daga Freedom da ta fara a 2003, sun cike wani giɓi, musamman a siyasar cikin gida. Amma ɗaukar nauyin wakili a Yamai ko Damagaram ko Diffa ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma kafar da ba ta da mutum a wurin da abu ya faru, sau da yawa abin da ke yawo a Facebook take maimaitawa.

A 2023, mutanen Kudancin Kano sun ƙi yaƙi da maƙwabtansu, kuma muryarsu ta haɗu da ta sanatansu da malamansu da masu zanga-zanga a birni. Sun yi hakan ne a lokacin da mai shayi a Kwanar Dangora ke iya juya akalar rediyonsa daga tasha zuwa tasha, abokan hirarsa na gwada abin da aka faɗa da abin da direban da ya taso daga Jibiya ya gani. Direbobin na nan suna tsayawa. Rediyon ma na nan a rataye jikin rumfa, sai dai matasan da ke zaune a kan benci yawancinsu kansu a sunkuye yake kan waya.