Colin Stetson: Mabushin da kunnenka zai rantse kwamfuta ce

Idan kana yawan zarya a TikTok, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wani sauti da ake ɗorawa a kan bidiyon ban tsoro ko na ban al'ajabi ba. Yakan fara a hankali, ya yi ta hawa, ya yi ta kumbura kamar ana busa ƙahonni masu yawa lokaci guda, har ka ji tsigar jikinka na tashi ba ka san dalili ba. Sunan kiɗan "Reborn", daga fim ɗin Hereditary na 2018 aka ciro shi, kuma wanda ya tsara shi Ba'amurke ne mai suna Colin Stetson. Da yawan masu ɗora sautin ba su san da zamansa a duniya ba. Da za a tambaye ka da me aka yi shi, na san za ka ce ai aikin kwamfuta ne. To, tsaya ka ji. Mutumin nan mabushi ne, sana'arsa ke nan, kuma yawancin abin da ya sa duniya ta san shi daga huhunsa da maƙogwaronsa yake fitowa.

Abin busarsa saksofon, irin wanda ka saba gani rataye a wuyan Fela Kuti a hotuna, ko a hannun 'yan badujala ranar fareti. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1846. Sai dai wanda Stetson ya fi shahara da shi ba ƙaramin nan ba ne. Babban ne mai kaurin murya, wanda idan ya rataya shi sai ya rufe masa gaba tun daga fuska har gwiwa. Ɗaukarsa kaɗai aiki ne, balle cika shi da iska.

An haife shi a 1975 a garin Ann Arbor na jihar Michigan, ya kuma karanci kiɗa a jami'ar jihar. Daga nan ya zauna a San Francisco, ya koma New York, kafin ya yada zango a Montreal ta ƙasar Kanada. Shekaru masu yawa a bayan wasu yake tsayawa: ya yi wa Tom Waits busa a faifansa na 2002, ya bi ƙungiyar Arcade Fire yawon wasa ƙasa-ƙasa, ya yi aiki da Bon Iver. Irin mutumin nan da kyamara ke wucewa ta kansa ta nufi mai riƙe da makirfo. Kundin da ya sa aka fara kiran sunansa shi kaɗai, New History Warfare Vol. 2: Judges, sai a 2011 ya fito, yana da shekara 36 ko dab da ita. Lokacin Hereditary kuwa ya kai 43. Na kawo lissafin ne saboda kai da ke ganin idan waƙarka ba ta fashe ba kafin ka cika 25, shi ke nan an gama da kai.

Yanzu ga inda labarin yake da daɗi. Idan ka kunna Judges za ka ji abu uku ko huɗu suna tafiya tare: wani sauti mai kauri yana maimaita kansa ba ƙaƙƙautawa kamar injin niƙa, wani kiɗa kamar ganga yana bugawa a ƙarƙashi, sannan can sama wata murya tana kuka kamar daga cikin rijiya. Duk wanda ya taɓa buɗe FL Studio zai ce ya gane dabarar: an ɗauki guntun sauti an sa shi yana juyawa, an ɗora ganga, an ɗora murya. Ba haka aka yi ba. Busar da kake ji mutum ɗaya ne ya yi ta a tashi ɗaya, ba a yanka ba, ba a jona ba. Muryoyin baƙin da ya gayyata, irin su Laurie Anderson, su ne aka ɗora daga baya.

Yaya aka yi? Na farko numfashi. Stetson na iya busa na tsawon mintuna sautin bai yanke ba. Yakan tara iska a kumatu, ya matse ta da naman kumatun tana fita ta baki, a daidai wannan lokacin yana shaƙar sabuwa ta hanci. Kafin ta kumatu ta ƙare, huhu ya cika ya karɓi aiki. Kuma a nan ne ya kamata ka yi murmushi, domin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ka tuna mai algaita a hawan sallah, kumatunsa sun yi tulu-tulu, busa na tafiya ba ta tsayawa? Dabarar ke nan, ita ɗin dai. Abin da 'yan jaridar Turai ke rubuta dogon sharhi a kai, masu algaitar fada sun gaje shi kaka da kakanni. In kana so ka san wahalarsa, sami tsinken shan lemo da kofin ruwa, ka gwada sa ruwan ya yi ta ɓulɓula kana shaƙar iska ta hanci. Za ka ƙware, za ka yi tari, amma za ka daina raina mai algaita.

Na biyu, yana rera sauti da maƙogwaro a lokacin da yake busa. Kukan nan da ka ji kamar daga rijiya, muryarsa ce. Na uku, yatsu. Jikin saksofon cike yake da maɓallai masu murfi, kuma duk sa'ad da aka danna ɗaya sai ya yi ƙara, ƙwas. A makarantar kiɗa ana koya wa ɗalibi ya ɓoye wannan ƙarar, don ana ganin ta a matsayin datti. Shi kuwa sai ya mai da ita ganga.

To ina na'ura ta shigo? Ta shigo ne ta wajen kunne. Da za ka tsaya gabansa a ɗaki ba sifika, ƙarar maɓallan da muryar maƙogwaron duk busar za ta danne su. Don haka yake ɗaura wani ƙaramin makirfo a wuyansa da maɗauri irin na wuyan kare, wanda ke ɗaukar girgizar maƙogwaro kai tsaye daga fata. Yana manna wasu a jikin ƙarfen saksofon ɗin don su kama bugun yatsu. A wajen ɗaukar Judges, a situdiyon Hotel2Tango da ke Montreal, makirfo sama da ashirin aka baza, wasu dab da shi, wasu can nesa a ɗakin. Daga nan aka miƙa wa Ben Frost, ɗan Ostireliya mazaunin Iceland wanda ya yi suna a kiɗan lantarki, ya haɗa. Aikinsa shi ne ya zaɓi ta wane kunne za ka saurara a kowane lokaci: yanzu kana cikin maƙogwaron mutumin, an jima kana cikin bututun ƙarfen, can kuma an janye ka ƙarshen ɗaki. Shi ya sa wannan kiɗa ba na sifikar waya ba ne. Ka sa abin kunne mai kyau, in ba haka ba rabin aikin ya wuce ka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya juya al'amarin. Mun saba na'ura ta kwaikwayi mutum: ka danna fiyano ya ba ka kalangu, ya ba ka sarewa. Stetson ya saurari masu kiɗan lantarki na shekarun 1990, irin su Aphex Twin da Autechre, waɗanda kwamfuta ke yi musu maimaicin da ba ta gajiya da shi, sai ya ce bari jiki ya kwaikwayi na'ura. A kundinsa na 2017, All This I Do for Glory, wannan tasirin a fili yake. Bambancin shi ne jiki na gajiya, kuma kana jin gajiyar. Kana jin shaƙar iska, kana jin lokacin da sautin ya fara rawa saboda leɓe ya yi laushi. Wannan ɗan tangaɗin shi ke riƙe ka, domin ka san akwai wanda zai iya faɗuwa. Don ya iya tsayawa a dandamali yana wannan aiki, sai da ya riƙi jikinsa kamar ɗan wasan tsere: gudu, motsa jiki, atisayen numfashi.

Ba zan ce maka kiɗan na kowa ba ne. Ba a rawa da shi, ba a kai amarya da shi, kuma akwai wuraren da maimaicin ke yin yawa har ka ji kanka ya yi nauyi. Akwai masu cewa abin ya fi kama da nuna bajintar huhu fiye da kiɗa, kuma a wasu waƙoƙin ina ganin suna da 'yar gaskiya. Amma masu fim sun gane amfaninsa da wuri. Ari Aster, daraktan Hereditary, yana sauraron Stetson lokacin da yake rubuta labarin, shi kuma ya fara tsara kiɗan tun daga rubutun, kafin a gama ɗaukar fim. A aikin fim ya sassauta dokarsa ta tashi ɗaya, yana ɗora sauti kan sauti, amma kayan aikin nasa ne dai: abubuwan busa da muryarsa, an sarrafa su har ba ka gane asalinsu. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya yi kiɗan Color Out of Space, da The Menu na 2022, da zanen Japan mai motsi Uzumaki na 2024, har da hannunsa a kiɗan wasan bidiyo na Red Dead Redemption 2. Kafin wannan, kundin da ya yi da mai goge Sarah Neufeld a 2015 ya ci kyautar Juno ta Kanada, kuma sau biyu yana shiga jerin ƙarshe na kyautar Polaris.

Yanzu dawo gida. Saurari waƙoƙi goma da suka fito daga situdiyoyinmu a bana, ka ƙirga nawa ne ke da ganga iri ɗaya, da sarewar fiyano iri ɗaya, da murya da Auto-Tune ya goge ta har ba ka bambance wane da wance. Ba laifin yaran ba ne kaɗai; fiyano ya fi arha, ya fi sauri, ba ya neman kuɗin mota. Amma sautin da ke cikinsa kowa a duniya yana da shi, kuma yanzu da manhajoji ke haɗa waƙa cikin minti ɗaya, wanda bai da komai sai wannan sautin shi za a fara yi wa ritaya. Abin da ba a saukewa daga intanet shi ne ƙarar tsarkiyar kalangu idan an matse ta a hammata, da gurnanin gurmi idan makirfo na manne a jikin ƙwaryarsa, da numfashin mai algaita tsakanin kumatu da hanci. Wa ya taɓa ɗaura wa mai kakaki makirfo a wuya ya ji abin da ke faruwa a ciki? Kai mai laftof da makirfo biyu, ko ke mai haɗa sautin bidiyo a waya, wannan gwajin bai fi ƙarfinku ba. Ku dai biya mabushin haƙƙinsa, ku kuma rubuta sunansa, kada ya zama kamar Stetson a TikTok, ana yawo da aikinsa ba a san shi ba.

Ba shi kaɗai ke kan wannan hanya ba. Bendik Giske, ɗan ƙasar Norway, shi ma yana manna makirfo a jikin saksofon ɗinsa yana busa ba yankewa, kuma masu bibiyar kiɗan lantarki sun karɓe shi kamar nasu. Shi kuwa Stetson, a kundinsa na 2024, The love it took to leave you, ya ƙara wani abu cikin kayan kiɗan: gini. Ya shiga wata tsohuwar maƙerar narka ƙarfe a Montreal, Darling Foundry, wadda aka mayar wurin baje kolin fasaha, ya yi busa ana sakin sautin ta manyan sifiku yana dukan bangon bulo da ƙarafan rufi yana dawowa, makirfo na kama shi. Akwai waƙa ɗaya a ciki da ta haura minti ashirin. Kada ka fara da ita. Fara da "Judges", mai ɗauke da sunan kundin 2011, ka nemi bidiyon da yake busa ta a gaban mutane, ka zuba wa wuyansa ido.