Yaro Ya Kai Shekara Goma, Sai A Ce Ya Tsira

A 1990 yara kusan miliyan 13 ne suka mutu a duniya kafin su cika shekara biyar. A 2022 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 5. Rigakafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari sun yi rawar gani. Sai dai da zarar yaro ya kai shekara goma, ya fara zuwa aike shi kaɗai, sai iyaye da hukuma su saki jiki. Katin asibitinsa ma sai a manta inda aka ajiye shi.

Alhali da sauran rina a kaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 matasa fiye da miliyan 1.5 'yan shekara 10 zuwa 24 ne suka rasu, wato kimanin 4,500 a kowace rana. A wani rahoto da ta fitar a 2017 kan 'yan shekara 10 zuwa 19, ta nuna cewa fiye da kashi biyu cikin uku na mace-macen sun auku ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi na Afirka da Kudu maso Gabashin Asiya. Mutuwa ta Allah ce, babu mai ja. Amma mafi yawan sababbanta a wannan tsakani abubuwa ne da ake iya tarewa, kuma bin sababi ba ya warware tawakkali.

Wanda ke kan gaba ba cuta ba ne. Titi ne. A 2015 kaɗai haɗarin ababen hawa ya ci ran 'yan shekara 10 zuwa 19 kimanin 115,000, kuma samari 'yan 15 zuwa 19 suka fi yawa a ciki. Galibinsu ba a cikin mota suke ba. Masu tafiya a ƙasa ne, da 'yan keke, da masu babur. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba a Kano ko Maraɗi, inda za ka ga yaron da ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa ya ɗauko ƙannensa uku a babur, ga gudu, babu hular kwano. Ranar ɗaurin aure kuwa ganganci da babur ya zama ado, manya na tsaye suna kallo. Hukumar ta ce hular kwano mai inganci, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida. Wasu na cewa zafi gare ta. Gaskiya ne. Amma uban da ya iya sayen babur ya iya sayen hula, kuma shi ne mai ikon hana makulli.

Ruwa ma yana ci, musamman 'yan shekara 10 zuwa 14. Kududdufi da damina, wanka a dam, kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Mutanen Bagwai ta jihar Kano ba su manta da ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife da ɗaliban Islamiyya a dam ɗin Watari.

Labarin 'yan mata daban ne, kuma shi ya fi ɓoyewa, domin a cikin gida yake faruwa. A rahoton na 2017, abin da ya fi kashe 'yan mata masu shekara 10 zuwa 14 shi ne ciwon huhu irin su nimoniya, wanda sau da yawa hayaƙin girki da itace ke jawowa. Wa ke hura wuta a gidajenmu in ba su ba? Ga 'yan 15 zuwa 19 kuwa, matsalolin ciki da haihuwa ne: zubar jini, doguwar naƙuda, jijjiga. Kowace shekara 'yan mata kimanin miliyan 12 masu waɗannan shekaru suna haihuwa a ƙasashe masu tasowa, kuma haɗarin jijjiga ya fi yawa gare su bisa ga 'yan 20 zuwa 24. Ko mene ne ra'ayin mutum kan lokacin aure, yarinya mai cikin fari ita ce ta fi kowa buƙatar awo da haihuwa a asibiti, kuma ita ce kunya ke hana ta faɗin abin da ke damunta. Kumburin fuska da hannaye, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi: waɗannan ba laulayi ba ne, a garzaya asibiti a ranar.

Cututtuka ma suna nan: a Afirka, gudawa da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ƙanjamau ba su saki matasa ba tukuna, saɓanin ƙasashen Turai.

Saura wanda ba a son ambato. Ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa, kuma kashe kai shi ne na uku cikin abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya. A wurinmu, yaron da ya daina magana, ya ƙaurace wa abokai, barci ya gagare shi, sai a ce miskilanci ne ko iska ko sammu. Wani kuma ya faɗa shaye-shaye. Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma taramol da 'yan uwansa ba su bar unguwanni ba. Idan matashi ya ce ya gaji da rayuwa, kada a yi masa tsawa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da magungunan feshi daga inda hannunsa zai kai, a zaunar da shi a saurare shi, sannan a kai shi ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen da ke duba irin wannan.