Tsohuwar Mota da Aikin Shata a Ƙaramar Hukumar Baure: Ina Ikon Lasisi Yake?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin tsofaffin motocin da ake ɗauka shata a Baure ta Masarautar Daura. Ta nuna cewa doka ta ba ƙaramar hukuma iko a kan tasha, ta bar motar kanta a hannun jiha da tarayya, kuma ta wannan ƙofa ta tasha ce majalisar za ta iya kare fasinja ba tare da ta raba direba da abincinsa ba.

1.0 Gabatarwa

Baure na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 5 na Masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma ta Babban Mutum ake ƙetarawa zuwa Magarya ta Jihar Damagaram. A irin wannan yanki na karkara, yawancin motocin haya sun kwana biyu: Golf 3 da aka fara ƙerawa a 1991, da Sharon ta 1995, bayan zamanin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Abin tambaya shi ne, wa ke da alhakin tabbatar da cewa irin wannan mota ta cancanci ɗaukar mutane?

2.0 Haya, Shata da Kabu-kabu

Bahaushe ya bambanta nau'o'in sufuri da sunayensu. Motar haya ita ce mai bin layi a tasha, ta yi lodi, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Shata, wadda kalma ce ta aro daga Ingilishi, ita ce mutum ɗaya ya ɗauki mota sukutum bisa ciniki, domin kai amarya, ko mara lafiya, ko mai naƙuda zuwa asibiti a Daura. Kabu-kabu kuwa a wasu garuruwa na nufin motar gida da ake haya da ita a kaikaice, alhali a Nijar da ƙasar Sakkwato babur ɗin haya ake kira haka. Bambancin yana da tasiri a doka, domin lambar motar haya jan rubutu gare ta, ta gida kuwa shuɗi. Sau da yawa motar shata tana ɗauke da shuɗin rubutu, ke nan a takarda ba ta cikin motocin haya.

3.0 Rabon Iko a Doka

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisar ƙaramar hukuma ikon ba da lasisin kekuna da kwalekwale da baro da amalanke da kurar turawa, ya kuma keɓe masu tafiya da inji. Haka nan ya ɗora mata kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su. Dokar jerin haraje-haraje ta 1998 ta bi wannan layi: kuɗin tasha na ƙaramar hukuma ne, harajin hanya na jiha.

Saboda haka rajistar mota da sabunta takardunta aikin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne, shaidar lafiyar mota kuwa jami'an VIO ke bayarwa. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da hukumar KASSAROTA ta Jihar Katsina suna sa ido a kan titi. A cikin tasha kuma, ƙungiyar direbobi ta NURTW da aka kafa a 1978 ita ke tsara layi ta hannun 'yan kamasho. Haruffa uku na lambar mota suna wakiltar ƙaramar hukuma, amma ba ita ke bayar da lambar ba.

Shekarun mota kuwa a wurin shigo da ita Hukumar Kwastam ke duba su. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara wa direba nauyi. Direban da sabuwa ta fi ƙarfinsa dole ya lallaɓa tsohuwa.

4.0 Darasi daga Ingila

A Ingila, wata doka ta 1976 ta ba majalisun gundumomi ikon ba motocin shata lasisi, kuma da yawansu sun ƙayyade shekarun da mota ba za ta wuce ba. Sai dai jagorar da Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar ta fitar a 2023 ta shawarce su da su bar dogaro da shekaru kawai, su auna lafiyar mota da hayaƙin da take fitarwa. Hujjar a fili take: tsohuwar da ake kula da birkinta da tayoyinta ta fi sabuwar da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

5.0 Kammalawa

Da za a hana tsofaffin motoci aiki a Baure, ƙauyukan da ke nesa da asibiti ne za su fara ji a jikinsu. Abin da ke hannun majalisar shi ne ta yi dokar tasha wadda za ta wajabta rajistar duk motar shata, da nuna shaidar lafiyar mota da inshora masu aiki, ta kuma gayyaci jami'an VIO su riƙa duba motoci a tasha ranar kasuwa, maimakon direba ya yi doguwar tafiya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙarfafa hujjar cewa majalisa ta ɗauki wannan nauyi a matsayin hidima ga jama'a, kada ta tsaya ga yankar rasit a bakin tasha.